Yadda ake gina ɗan tafki a bayan gida idan ƙasar yashi ce

Yashi yana da daɗin haƙa, kuma nan ne yake yaudarar mutane. Da shebur kaɗai, ba diga, mutum zai iya buɗe rami mai kyau kafin rana ta take. Washegari sai ya tarar gefen ya zube, ramin ya ƙara faɗi ya rage zurfi. In ya zuba ruwa kuwa, kafin ya naɗe tiyo ƙasa ta shanye. Yashi ba ya riƙe ruwa, ba ya kuma riƙe kansa. Saboda haka aikin tafki a irin wannan ƙasa ba a ramin yake ba, yana ga abu biyu: gangaren da za ka ba bangon ramin, da yadda za ka ɗaure bakinsa.

Fara da sanin ƙasar

Ɗebo ƙasa daga zurfin kamar kamu biyu, ka ɗan jiƙa ta, ka dunƙule a hannu. Idan ka buɗe hannu ta wargaje, yashi ne zalla. Idan ta tsaya a dunƙule amma ta ƙi mulmuluwa ta yi tsawo, yashi ne mai ɗan laka, kuma ka yi sa'a. In kana son tabbaci, cika kwalba zuwa rabi da ƙasar, ka ƙara ruwa, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi yakan kwanta cikin minti ɗaya, ƙasa mai laushi ta biyo baya cikin sa'o'i kaɗan, yumɓu kuwa sai ya kwana yana yawo a ruwan.

Gwaji na biyu ya fi wannan muhimmanci. Haƙa rami ƙarami a inda kake son tafkin, ya fi zurfin da kake nufi da kamar santimita 30, ka rufe shi da katako, ka duba bayan kwana ɗaya ko biyu. Abin da kake nema shi ne ko ruwa zai tsattsafo daga ƙasa. Wuraren yashi da ke kusa da kogi ko teku sukan kasance da ruwa kusa da saman ƙasa, musamman da damina. Irin wannan ruwa yana taruwa a ƙarƙashin shimfiɗar robar da ake tare ruwan tafki da ita ya ɗago ta, sai ka wayi gari ka ga wani baƙin tudu a tsakiyar tafki kamar bayan dorina. Idan ramin gwajin ya kawo ruwa, rage zurfin haƙa, ka ɗaga bakin tafkin sama da ƙasa da bulo layi ɗaya ko biyu.

Inda za a sa shi

Kada ka zaɓi kwari. Ido yakan ga kamar can ne wurin ruwa, amma duk ruwan saman da ya wanko tsakar gida can zai nufa, da yashinsa da takinsa. Wuri mai shimfiɗe ko mai ɗan tudu ya fi. Ka nisanci harsashin gini da katanga da mita 3 ko fiye, domin haƙa kusa da tushe a cikin yashi yana iya sa ƙasar da ke tallafe da shi ta motsa. Ka nisanci manyan itatuwa saboda saiwa da ganye. Rana ta sa'o'i 5 zuwa 6 ta isa bado ya yi fure. A wuri mai tsananin zafi, inuwar yamma alheri ce. Kafin shebur ya taɓa ƙasa, ka san inda bututun ruwa da wayar lantarki da ramin masai suke.

Idan akwai ƙananan yara a gidan, maganar shinge ta riga maganar haƙa. Yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai kai idon sawun babba ba, kuma ba ya ihu. Ko dai shinge mai ƙofa da sakata, ko ragar ƙarfe mai ɗaukar nauyin mutum a saman ruwan, ko kuma a dakata sai sun girma.

Lissafin da yawancin mutane ke tsallakewa

Busasshen yashi idan aka tara shi, gangarensa yakan tsaya ne a digiri 30 zuwa 34. Duk bangon da ya fi haka miƙewa, danshi ne kawai ke riƙe da shi, ranar da ya bushe ko ya jiƙe sharkaf zai zube. Don haka ka bi wannan ƙa'ida: kowane santimita 10 na zurfi, ka matsa santimita 20 zuwa ciki. Wannan yana ba da gangare na kusan digiri 27, ƙasa da inda yashi ke fara gudu.

Ga abin da hakan ke nufi a fili. A ce kana son tafki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin santimita 60. Gangaren kowane gefe zai cinye santimita 120. Gefe biyu, 240 ke nan. In ka sa dakalin tsirrai, wato matakin da ake jera tukwane a kai a cikin ruwa, mai faɗin santimita 30 a gefe ɗaya, ya zama 270. Abin da ya rage maka na shimfiɗaɗɗen gindi santimita 30 ne kacal. Wato a yashi, zurfi da fili ake sayensa. Wanda filinsa bai kai mita 2 ba kuma yake son zurfin mita guda, to ba ramin gangare zai yi ba, ginin bulo zai yi a cikin rami, da harsashinsa da rodinsa, sa'annan ya shimfiɗa roba a ciki. Wannan aikin birkila ne, kuma duk ramin yashi da ya wuce mita 1.2 ba a shiga cikinsa sai an tokare bangon da katako.

Santimita 60 ta isa tsirrai da ƙananan kifaye. Manyan kifayen ado irin su koyi suna bukatar mita ɗaya ko fiye. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da sanyi ma ana ƙara zurfi don kifi ya sami inda zai sauka.

Da me za a tare ruwan?

A nan ina da ra'ayi, kuma ba na ɓoye shi: a yashi, shimfiɗar roba ce. Wadda ake kira EPDM, mai kaurin milimita 1 ko kusa da haka, tana miƙewa tana bin ƙasa idan ta ɗan motsa, tana jure rana, tana kuma yin shekaru ashirin ko fiye in an kula. Ta PVC ta fi arha, amma rana tana busar da ita har ta tsage a wajen da ruwa bai rufe ba. Tamfol na rufe kaya da ledar gini, waɗannan na ɗan lokaci ne, kada ka gina duwatsu a kansu. Ka tabbatar robar da ka saya an yi ta ne don kifi da tsirrai.

Daɓen yumɓu tsohuwar dabara ce mai kyau, amma sai ya kasance a jiƙe kullum. Yashin da ke ƙarƙashinsa kuwa yana zuƙe masa danshi, da ya bushe ya tsage shi ke nan. Garin bentonait, wato yumɓun nan mai kumbura idan ya sha ruwa, yana aiki a manyan tafkuna, sai dai yashi yana cinsa da yawa. Kankare zalla kuma ba ya lanƙwasa: ƙasa ta ɗan nitse a gefe ɗaya, sai tsaga. Kwamin roba da ake sayarwa a ƙere yana da sauƙi ga ƙaramin wuri, in dai ka cusa yashi a bayansa da ruwa har babu kogo.

Kada ka sayi robar sai ka gama haƙa. Ramin yashi ba ya ƙarewa a girman da aka zana shi.

Mataki na 1: zana, ka kafa turaku

Shimfiɗa tiyo ko igiya a ƙasa ka fitar da siffar. Siffar ƙwai ko ta ƙoda ta fi mai kusurwoyi, saboda lungu shi ne farkon abin da ke zubewa, kuma roba tana tattarewa a cikinsa. Kafa turaku a kewaye, tazarar mita guda guda. Zaɓi ɗaya ya zama uban ma'auni, ka daidaita kan sauran da shi, ko da miƙaƙƙen katako da lebur na magina, ko da siririn tiyo mai gani da aka cika da ruwa. Na fi son tiyon, domin ruwa ba ya ƙarya, kuma shi ne alƙalin aikin a ƙarshe. Bambancin santimita 3 tsakanin baki da baki zai bar maka baƙar roba a fili a gefe ɗaya har abada.

Mataki na 2: zuba zoben kankare kafin ka haƙa tsakiya

Wannan shi ne matakin da ya raba tafkin yashi da na kowace ƙasa, don haka bari in daɗe a kansa.

Bi layin da ka zana ta waje, ka haƙa ƙaramin lambatu mai faɗin santimita 25 da zurfin 15, ya zagaye wurin duka. Jiƙa shi, ka daɓe gindinsa. Idan gefensa yana zubewa, tokare shi da siraran katako ko falankin da ke lanƙwasa. Kwaɓa kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi mai kaifi, huɗu na tsakuwa. Kada rowa ta sa ka ɗebi rairayin da ke wurin in mai laushi ne kamar gari, ba ya kama siminti da kyau, na bakin teku kuma gishirinsa yana cin rodi. Sa rodi ɗaya ko biyu mai milimita 8 ko 10 a tsakiyar kankaren, ya zagaye, bakin ya hau kan baki. Shafe saman ya yi daidai da turakunka, ka kuma dakushe kaifin gefen ciki da cokalin gini tun yana ɗanye, don nan ne roba za ta hau.

A wuri ɗaya, wanda ya fi nesa da gini, bar saman zoben ya yi ƙasa da santimita 3, faɗin kamar kamu biyu. Nan ce ƙofar ambaliya. Tafki zai cika ya tumbatsa wata rana, gara kai ka zaɓa masa hanya.

Rufe kankaren da buhu, ka riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. Yashin da ke kewaye yana zuƙe ruwan kwaɓin da sauri, kankaren da ya bushe da wuri kuwa ba ya ƙarfi.

Amfanin wannan zobe uku ne. Yana riƙe bakin ramin yayin da kake haƙa. Yana ba ka layi madaidaici da ba zai nitse ba. Yana kuma ɗaukar nauyin duwatsun ado da na mutumin da zai tsaya a bakin ruwa yana kallo. Tafkin da na fara yi ban sa masa zobe ba, na jera duwatsu kai tsaye a kan robar. Damina ɗaya ta isa: gefen da ake tsayawa ya nitse, ruwa ya riƙa sulalewa ta nan, ni kuwa ina ta neman huji a gindi.

Mataki na 3: haƙa da danshi

Da yamma ka jiƙa wurin sosai, da safe ka haƙa. Yashi mai danshi yana yankuwa kamar sabulu. Fara daga tsakiya ka nufo gefe, hawa hawa. Sauke dukkan filin zuwa santimita 25, ka zana dakalin tsirrai, sa'annan ka ci gaba da zurfafa abin da ya rage. Dakalin ya ɗan karkata zuwa waje, wato bakinsa na ciki ya ɗan fi tudu, don tukwane kada su silale cikin zurfi. Ka bar ƙasa kamar kamu ɗaya a jikin zoben kafin gangare ya fara. In ka rarake ƙarƙashinsa ka kashe amfaninsa. Gefe ɗaya ka yi shi da gangare mai sauƙi ƙwarai, har zuwa baki, don kwaɗi da tsuntsaye da duk wata dabbar da ta faɗa ta sami hanyar fita.

Tafki irin na misalinmu zai fitar da yashi kusan kubik mita uku (kubik mita ɗaya lita 1,000 ce), wato wajen tan 5, baro hamsin ko kusa. Kada ka tara shi a bakin rami; nauyinsa zai tura bangon. Kai shi nesa da mita guda aƙalla. Kada kuma ka riƙa hawa da sauka ta kan gangaren, jingina katako ka bi ta kai.

Ƙara santimita 5 a kan zurfin da kake so. Da ka gama, yayyafa ruwa, ka daɓe ko'ina da madaɓi ko bayan shebur. In dakalin ya ƙi tsayawa, gauraya siminti awo ɗaya da yashi awo goma, ka shafa masa kaurin yatsu biyu, ka yayyafa ruwa ka bar shi ya kama. Sai ka durƙusa ka shafa ramin da tafin hannu, ka tsince dutse, kwalba, ƙusa da saiwa. Ka sa ido musamman a kan aya-aya da gora: tsinin tohonsu yana huda roba daga ƙasa. Tone su har ƙwayar.

Mataki na 4: awo da shimfiɗa

Lissafin da aka saba shi ne tsawo, a ƙara zurfi sau biyu, a ƙara santimita 60 na rara. Haka ma faɗi. A misalinmu zai ba da kusan mita 6 da mita 5. Amma wannan lissafi na rami mai miƙaƙƙen bango ne, a gangare mai sauƙi yakan yi yawa. Abin da ya fi shi ne ka kwantar da igiya ta bi jikin ramin daga bayan zobe zuwa bayan zobe, ta tsawo da ta faɗi, ka ƙara santimita 40 a kowane baki.

Wasu za su ce tunda yashi ne mai laushi, ba a bukatar ƙyallen ƙarƙashi, wato wanda ake shimfiɗawa kafin a ɗora robar. Ana bukata. Kowace kubik mita ta ruwa tan ɗaya ce, kuma wannan nauyi yana danna robar a kan duk abin da yashi ya tono daga baya. Ƙyallen jiyotestil mai kauri shi ne daidai. Tsohon kafet na zaren roba ma yana yi in ba shi da ƙusa. Jarida da kwali ruɓewa suke, gara kuma tana sonsu. Shimfiɗa ƙyallen ya hau har kan zoben, baki ya hau baki da kamu ɗaya.

Baza robar a rana na ɗan lokaci ta yi laushi. Ku ɗauke ta ku biyu ko uku, ku sauke ta cikin ramin a sake, ba ja. Cire takalmi kafin ka shiga. Danne gefuna da bulo kaɗan.

Mataki na 5: cika a hankali

Buɗe ruwa kaɗan kaɗan. Yayin da yake hawa, ka riƙa sassauta bulon, kana tattara ƙananan tattara su zama manyan ninki kaɗan masu kwanciya. Tattara ba ta ɓacewa duka, kada ta dame ka. Gansakuka za ta rufe ta.

Wannan ce damarka ɗaya ta sanin ainihin yawan ruwan. Duba mitar ruwa kafin da bayan cikawa, ko ka auna minti nawa tiyo ke ɗauka ya cika jarka mai lita 20, ka lissafa. Tafkin misalinmu zai ci wajen lita 3,000. Rubuta adadin ka ajiye, da shi za ka zaɓi famfon juya ruwa da yawan kifi.

In ya cika, bar shi kwana uku zuwa mako kafin ka yanke rarar roba. Nauyin ruwa zai danna yashi, robar ta ƙara shiga ciki. Wanda ya yanke a ranar farko yakan tarar bakin ya gaza.

Mataki na 6: bakin tafki da matsalar lagwani

Yashi yana jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan yashin waje ya taɓa ruwan tafki ko da a wuri ɗaya ne, ko ƙyallen ƙarƙashi ya leƙo ya tsoma baki, ko saiwar ciyawa ta tsallako, ruwa zai riƙa fita dare da rana ba tare da huji ko ɗaya ba. Alamarsa ita ce danshi a ƙasar da ke bayan duwatsu.

Maganinsa: robar ta haye zoben, sa'annan a bayansa ka miƙar da bakinta sama, a tsaye, ya fi ƙasar waje tsawo da kamar santimita 3 zuwa 5, ka matse shi tsakanin dutsen baki da wani bulo ko tsakuwa. Haka kuma yake hana ruwan sama koro yashi ciki. Ɗora faffaɗan duwatsu a kan zoben, da guntun ƙyalle a ƙarƙashinsu, su ɗan leƙo kan ruwa da yatsu biyu don su yi wa robar inuwa. In ka kama su da siminti, kada ya zuba a ruwa. In ya zuba, canza ruwan, domin ɗanyen siminti yana ƙona kifi.

Daga ƙofar ambaliya, ja ɗan lambatu zuwa rami mai cike da tsakuwa, mita biyu daga tafkin. A nan kam yashi abokinka ne, nan da nan zai shanye. Kewayen tafkin kuma ka shuka ciyawa ko ka zuba tsakuwa, saboda iska kada ta riƙa kwaso rairayi tana zubawa.

Famfo, tsirrai, kifi

In za ka sa kifi, nemi famfon da zai juya ruwan duka cikin sa'a biyu, wato lita 1,500 a sa'a ga tafkin lita 3,000. Ɗora shi a kan bulo, kada ya zauna a gindi, ƙwayar yashi tana cinye farfelarsa. Wutar da za ta je bakin ruwa aikin mai gyaran lantarki ne, kuma dole ta bi ta na'urar nan mai katse wuta da ta ji wuta mai ƙarfin miliamfiya 30 tana zurarewa. Ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana ya isa tafkin da ba kifi.

Dasa tsirrai a tukwane ko kwanduna, da ƙasa mai nauyi marar taki, ka rufe samanta da tsakuwa. Bado ya fara zama a kan bulo, kana sauke shi yayin da ganyensa ke tsawo. Burin shi ne ganye ya rufe kusan rabin fuskar ruwa, ya rage zafi da ƙafewa. Kainuwa, dashen Allah, ba ta bukatar tukunya, amma tana ninka kanta da sauri, sai ka riƙa kwashewa. Kada ka zubar da ita a rafi, wasu ƙasashe ma sun hana ajiye ta. Kacala kuwa ka bar ta a fadama, ta fi ƙarfin ƙaramin tafki.

Ruwan famfo mai kulorin yakan huce in ya kwana biyu a buɗe, amma inda ake sa kuloramin, wani sinadarin tsabtace ruwa da ba ya hucewa da wuri, sai an zuba maganin da ke kashe shi. Kifi ya jira mako 4 zuwa 6, lokacin da ƙwayoyin halittar da ke sarrafa kashinsa suke ɗauka kafin su kafu. Fara da kaɗan. A makonnin farko ruwan zai yi kore shar. Kada ka kwashe, sabon ruwa sabon kore ne. Da tsirrai sun kama zai washe.

Sauro fa? Da zafi, daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya ne zuwa kwana goma, don haka kada ka jira. Motsin famfo yana hana shi, ƙananan kifaye suna cinye tsutsarsa, kafin su iso kuma akwai maganin Bti, wanda ke kashe tsutsar sauro ba ya taɓa kifi da kwaɗi.

In ruwa ya fara raguwa

Da rani mai zafi da iska, tafki yana iya rasa rabin santimita zuwa santimita guda a yini ta hanyar ƙafewa kawai. A faɗin misalinmu santimita ɗaya kusan lita 100 ce, don haka kada ka firgita tun da wuri. Ɗora bokiti a kan dakali, ka cika shi daidai da tsayin ruwan tafkin, ka yi alama ciki da waje, ka kashe famfo. Bayan kwana biyu, in sun ragu tare, rana ce. In na tafkin ya fi sauka, zagaya bayan duwatsu da hannu kana neman danshi, domin lagwani ya fi huji yawa. In ko'ina a bushe yake, bar ruwan ya ci gaba da sauka har ya tsaya da kansa, kana lura da kifin. Hujin yana kan wannan layi. Wanke wurin, ka busar, ka manna facin da aka yi don irin robarka, ya wuce hujin da santimita 5 ta kowane gefe, ka bar shi ya kama kafin ka mayar da ruwa.